FASHIN BAƘI: Bayan ritayar Windows 10, wace babbar manhaja ta dace da kwamfutar gida?

Ranar Talata 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran tsaro na ƙarshe da yake bai wa masu amfani da Windows 10 kyauta, shekara goma da 'yan watanni bayan fitowarta a ranar 29 ga Yuli, 2015. Babu kwamfutar da ta mutu a ranar. Washegari duk wanda ya kunna tasa ya ga allo ya kawo haske kamar kullum, fayilolinsa suna nan inda ya bar su, shi ya sa da yawa suka ɗauki sanarwar a matsayin burgar 'yan kasuwa. Abin da ya sauya ba ya bayyana a allo. Daga wannan rana, duk wata kafa da masu kutse suka gano a jikin manhajar za ta zauna a buɗe, in ban da a kwamfutocin da aka yi wa rajistar ƙarin wa'adi.

Lamarin ya fi taɓa ƙasashe irin Najeriya, inda kwamfutar da ke kan teburin ɗalibi, ko ta matashin ɗan jarida, ko ta sakataren wata ƙungiyar matasa, galibi ta hannu ce. Wani ofishi a Turai ko Amurka ya more ta shekara uku ko huɗu, sannan ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, ta ratsa Computer Village a Ikeja, ta iso Banex a Abuja ko Farm Centre da titin Beirut a Kano. Irin waɗannan su ne Windows 11 ta fi juya wa baya. A cikinsu kuma ake ajiye kundin kammala digiri, da muryoyin hirarraki, da hotunan takardun kasafin kuɗi, da jerin sunaye da lambobin wayar mutanen da ba su ba kowa izinin gani ba.

Wa'adin tsaro shi ne ainihin abin da ake zaɓa

Babbar manhaja ita ce wadda take fara tashi idan an kunna kwamfuta, take raba wa sauran manhajoji aiki, take shiga tsakaninsu da allo da madannai da rumbun ajiya da intanet. Windows ɗaya ce daga ciki. Akwai macOS ta kamfanin Apple, da Linux, da ChromeOS ta Google. Mutane kan zaɓe ta da ido, wato kyan fuska da inda maɓallin Start ya zauna. Abin da ya fi ƙima a kowace siga kuwa shi ne ranar da masu ita za su daina toshe mata kafofi.

A Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft kan fitar da gyare-gyaren tsaro. Da zarar sun fito, masu kutse kan zauna su yi nazarinsu don gano wace kafa aka toshe. Da yake Windows 10 da Windows 11 sun yi tarayya a mafi yawan ginin cikinsu, gyaran da aka yi wa sabuwar kan zama tamkar taswira mai nuna inda tsohuwar take da rauni. Saboda haka haɗarin ba ya tsayawa wuri ɗaya, kowane wata ƙaruwa yake yi.

Duniya ta taɓa ganin yadda irin wannan ke ƙarewa. Ranar 12 ga Mayu, 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe kusan 150, ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 tana neman kuɗin fansa. A Ingila, asibitocin gwamnati sun soke ganin marasa lafiya da ayyukan tiyata kimanin 19,000. Makamin da aka gina ta a kai hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ce ta ƙera shi, aka sace, aka watsa a intanet wata guda kafin harin. Microsoft ya riga ya toshe kafar tun watan Maris, kuma mafi yawan waɗanda abin ya rutsa da su masu Windows 7 ne da ba su sauke gyaran ba. Sun yi sakaci ne alhali maganin yana nan. Kwamfutar da wa'adinta ya ƙare kuwa ba ta da maganin da za ta sauke ko da mai ita ya so. A wancan karon sai da kamfanin ya karya ƙa'idarsa ya fitar da gyaran gaggawa ga Windows XP, wadda ta yi ritaya tun Afrilun 2014, amma wannan alfarma ce, babu wanda ya yi alƙawarin maimaita ta.

Akwai kuma mutuwar tsaye da ke zuwa a hankali. Windows 7 ta yi ritaya ranar 14 ga Janairu, 2020, Windows 8.1 ta bi ta ranar 10 ga Janairu, 2023, kuma a farkon 2023 burauzar Chrome ta daina yi musu sabuwar siga. Wanda har yanzu yake shiga asusun banki ko imel da ɗaya daga cikin waɗannan biyu ba shi da wani zaɓi da ya wuce barinta. Windows 10 ba ta kai can ba tukuna: manhajojin Microsoft 365 da rigakafin bairos na Defender za su ci gaba da samun sabuntawa a kanta har Oktoban 2028. Sai dai wannan gyaran ɗakuna ne, katangar gidan ba ta ciki. Office 2016 da Office 2019 ma a rana ɗaya suka yi ritaya da Windows 10, abin da mutane ƙalilan suka lura da shi.

Shingen da Windows 11 ta kafa

Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, kuma kyauta ce ga duk mai halastacciyar Windows 10, muddin kwamfutarsa ta cika sharuɗɗa. Wasu sharuɗɗan masu sauƙi ne: RAM gigabait 4, rumbun ajiya gigabait 64, furosesa mai 64-bit, da tsarin tashi na UEFI mai iya Secure Boot. Biyu ne suka zama alaƙaƙai, wato TPM 2.0 da shekarun furosesa.

TPM ɗan ƙaramin sashe ne a cikin kwamfuta da ke riƙe mabuɗan sirri, kamar wanda ake kulle rumbun ajiya da shi, ta yadda ko an ciro rumbun an kai wata kwamfutar ba zai buɗu ba. Kwamfutoci da yawa suna da shi amma a kashe yake a cikin BIOS, inda Intel ke kiransa PTT, AMD kuma fTPM. Kafin a yanke wa kwamfuta hukunci, ya kamata a rubuta tpm.msc a wurin bincike na Windows a ga abin da zai fito, ko a sauke manhajar PC Health Check ta Microsoft, wadda ke faɗin takamaiman sharaɗin da aka kasa cikawa. Sau da yawa kunna abu ɗaya a BIOS ya wadatar.

Furosesa ce ba ta da gyara. A ɓangaren Intel, Microsoft ya ja layi a kan zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017, in ban da 'yan tsirarun da aka yi wa togaciya. A ɓangaren AMD layin yana wajen Ryzen 2000, amma wasu 'yan gidan irin su 2200G da 2500U ba sa cikin jerin da aka amince da shi. Gane zubin, wanda 'yan kasuwa ke kira "jen", ba shi da wuya. A shiga Settings, sai System, sai About, a karanta lambar da ke bayan sunan furosesar. A i5-6300U, shidan da ke farko na nufin zubi na shida, ba ta wuce ba. A i5-8250U zubi na takwas ne, ta wuce. Daga zubi na goma lambobi biyun farko ake karantawa, don haka i5-1135G7 zubi na sha ɗaya ce.

A nan ne masu saye suka fi faɗawa rami, domin a kasuwa "Core i7" ake tallatawa kamar shi ne komai. I7-6600U ta faɗi jarrabawar, i3-8130U kuwa ta ci. Sunan samfuri ma ba hujja ba ne. HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 zubi na shida ne, ThinkPad T470 ba ta wuce na bakwai ba. EliteBook 840 G5 da Latitude 7490 da ThinkPad T480 yawancinsu zubi na takwas ne, amma an ƙera wasunsu da furosesar zubi na bakwai, jiki ɗaya, suna ɗaya. Ganin Windows 11 a allon kwamfutar da ke kan kanta shi ma ba shaida ba ne, tunda ana iya cusa ta da ƙarfi a kan wadda ba ta cancanta ba. Lambar furosesar ce kaɗai ba ta ƙarya.

Hujjar Microsoft ita ce sababbin matakan tsaron Windows 11 suna buƙatar kayan zamani don su yi aiki ba tare da sun nauyaya kwamfuta ba. Akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma gaskiya a ƙorafin masu suka, cewa kwamfutar zubi na bakwai mai TPM 2.0 da SSD tana aikin rubutu da bincike da taron bidiyo ba tare da wata tangarɗa ba, kuma kamfanin da ya ja layin yana samun kuɗin lasisi a kan kowace sabuwar kwamfuta da aka saya. Jama'a dai sun yi ta jan ƙafa: alƙaluman StatCounter sun nuna sai a Yulin 2025 Windows 11 ta zarce Windows 10 yawan masu amfani a duniya, kusan shekara huɗu bayan fitowarta.

A Disamban 2023 kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan shinge. Inda irin wannan shara ke dosa ba ɓoyayye ba ne. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano cewa kayan lantarki na hannu kimanin tan 60,000 ke shigowa Najeriya a shekara, kashi 77 cikin ɗari daga ƙasashen Tarayyar Turai, kuma aƙalla tan 15,400 ba sa aiki tun daga isowarsu. Idan ofisoshin Turai suka sallami kwamfutocin zubi na shida da na bakwai, ba abin mamaki ba ne a gan su a kasuwannin nan da farashi mai jan hankali. Arahar tana da dalili, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin dalilin kafin ya biya.

Idan kwamfutar ta cika sharuɗɗa

Amsar a nan gajeriya ce: a koma Windows 11, siga mafi sabunta da Windows Update ya miƙo. Kowace shekara ana fitar da siga ɗaya, kuma wa'adinta wata 24 ne a rukunin Home da Pro. Wa'adin 23H2 ya ƙare a Nuwamban 2025, na 24H2 zai ƙare a Oktoban 2026, na 25H2 a Oktoban 2027. Ma'ana, mutum na iya kasancewa a kan Windows 11 amma ba ya samun gyaran tsaro idan ya daɗe yana danna "bari sai gobe". Rubuta winver a wurin bincike zai nuna sigar da ake kai.

Tsakanin Home da Pro, mai amfanin gida ba ya buƙatar wahalar da kansa. Gudunsu ɗaya, gyaran tsaronsu ɗaya. Pro ta ƙara da abubuwan ofis, kamar shiga kwamfutar daga nesa, haɗa ta da tsarin kamfani, da cikakken BitLocker mai iya kulle filas. A Amurka ana sayar da Home dala 139, Pro dala 199, amma mai kwamfutar hannu da wuya ya buƙaci biyan ko sisi. Tun zamanin Windows 8 kamfanonin ƙera kwamfuta ke dasa lasisin a cikin injin kansa, kuma kwamfutocin ofis irin EliteBook da Latitude da ThinkPad yawanci da lasisin Pro suke zuwa. Idan aka ɗora Windows ta asali daga shafin Microsoft, aka haɗa da intanet, sau da yawa da kanta take tabbatar da lasisin. Wanda yake kan Windows 10 Home zai sauka a Windows 11 Home, na Pro a Pro.

Wannan ya sa al'adar ɗora Windows ta bogi ta zama hasara biyu. Kwafin da aka yi wa kwaskwarima, da ƙananan manhajojin fasa lasisi da ke yawo a intanet, sanannun hanyoyi ne na shigo da masu satar kalmar sirri, kuma galibi sai an kashe rigakafin bairos kafin su yi aiki. Mutum ya biya mai gyara kuɗi ya buɗe wa ɓarawo ƙofa, alhali halastaccen lasisin yana kwance a cikin kwamfutar.

Gigabait 4 na RAM da aka rubuta a sharuɗɗa na iya tayar da Windows 11, amma da an buɗe shafuka biyar a burauza sai ta fara ja da ciki. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin da za a yi aiki da shi cikin natsuwa. Kwamfutar da har yanzu take kan tsohon rumbu mai juyawa kuwa, sauya shi da SSD zai ƙara mata gudu fiye da kowace sabuwar manhaja.

Sai batun sirri, wanda ya fi shafar mai riƙe bayanan wasu. Windows 11 na neman intanet da asusun Microsoft tun a wajen ɗora ta, kuma kamfanin na ta toshe dabarun da ake bi a kauce wa hakan. Daga siga ta 24H2, idan aka yi sabuwar ɗorawa aka shiga da asusun, Windows kan kulle rumbun ajiya da kanta, har a rukunin Home, ta aika mabuɗin ceto zuwa asusun. Kullewar alheri ce ga wanda aka sace wa kwamfuta ko aka ƙwace ta a hanya. Amma tana da fuska biyu. Wanda mai gyara ya buɗe masa asusu da imel ɗin da bai san kalmar sirrinsa ba zai iya wayar gari kwamfuta na neman lambobi 48 da bai taɓa gani ba, kuma idan babu su, fayilolin sun tafi. Mabuɗin da ke ajiye a hannun kamfani kuma hukuma na iya nemansa da umarnin kotu. Dokar CLOUD Act ta Amurka ta 2018 ta wajabta wa kamfanonin ƙasar miƙa bayanan da ke hannunsu ko a wace ƙasa aka ajiye su. Ɗan jarida ko mai fafutuka zai fi samun natsuwa idan ya rubuta mabuɗin a takarda ya adana, sannan ya yanke shawara da kansa ko zai bar kwafinsa a asusun.

An yi ta ce-ce-ku-ce kan Recall, fasahar da ke ɗaukar hoton allo a kai a kai don mutum ya iya neman abin da ya gani a baya. An sanar da ita a Mayun 2024, suka ta sa aka jinkirta ta aka mayar da ita sai wanda ya kunna da kansa, kuma a sababbin kwamfutocin Copilot+ kaɗai take aiki. Mai EliteBook ta hannu ba shi da abin damuwa a nan.

Idan ba ta cika ba

Hanya mafi sauƙi ita ce sayen lokaci. Microsoft ya buɗe wa masu amfanin gida shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda a lokacin buɗe shi aka sanar zai kawo gyaran tsaro har ranar 13 ga Oktoba, 2026. Dole kwamfutar ta kasance a kan siga ta 22H2, wadda ita ce ta ƙarshe a Windows 10, kuma dole a shiga da asusun Microsoft. Ana rajista a shafin Windows Update ta ɗayan hanyoyi uku: biyan dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko amincewa a riƙa adana saitunan kwamfutar a rumbun kamfanin na OneDrive, wanda ba a biyan kuɗi. Rajista ɗaya na ɗaukar kwamfutoci har goma. Kamfanoni na da damar shekara uku, daga dala 61 a shekarar farko, kuɗin na ninkawa kowace shekara.

A yankin tattalin arzikin Turai sharaɗin ya sha bamban. Bayan matsin lamba daga ƙungiyar kare masu saye ta Euroconsumers, a Satumban 2025 Microsoft ya amince ya bai wa mazauna yankin shirin kyauta ba tare da tilasta musu adana komai a OneDrive ba. Rangwamen bai ƙetare iyakar yankin ba. Abin da ya nuna shi ne sharuɗɗan manyan kamfanonin fasaha na lanƙwasuwa a inda masu saye ke da murya da doka a bayansu. A Najeriya hukumar da ke da irin wannan hurumi ita ce FCCPC, wadda ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Ko ta yaya aka shiga, ESU ta ɗan lokaci ce.

Hanya ta biyu ita ce cusa Windows 11 da ƙarfi, ta amfani da manhajoji irin Rufus da ke tsallake binciken TPM da furosesa. Tana aiki a kan yawancin kwamfutocin zubi na shida da na bakwai, kuma ta fi zama a kan Windows 10 marar kariya. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa irin waɗannan kwamfutoci ba su da tabbacin samun sabuntawa, kuma sabuwar sigar shekara ba ta cika zuwa musu da kanta ba, sai an sake ɗorawa da hannu. Kamfanin na iya ƙara tsaurara sharaɗi a kowane lokaci, kamar yadda ya faru a 24H2, wadda ba ta tashi sam a kan tsofaffin furosesa irin Core 2 Duo. Wannan hanya ta wanda ya iya gyara da kansa ce, kuma bai kamata a sayar wa mutum irin wannan kwamfuta ba tare da an gaya masa ba.

Masu gyara kan ambaci Windows 10 LTSC, mai dogon wa'adi: na Enterprise 2021 zai kai Janairun 2027, na IoT zai kai Janairun 2032. An yi su ne don kamfanoni da injuna irin na cirar kuɗi, ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane lasisinsu a kanti, don haka wadda ake ɗora wa mutum a kasuwa kusan kullum fasasshiya ce.

Hanya ta uku ita ce barin Windows gaba ɗaya. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, kyauta ce, ba ta neman TPM, kuma kowa na iya duba yadda aka gina ta. Tana zuwa a nau'o'i da yawa. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a 2004, na fitar da siga mai dogon wa'adi a watan Afrilu duk shekara biyu, da gyaran tsaro na shekara biyar. Linux Mint an gina ta a kan Ubuntu, fuskarta ta fi kama da Windows, kuma jerin Mint 22 zai samu gyara har 2029. Nau'inta na Xfce na tafiya a kan kwamfuta mai ƙarancin RAM. Za a iya ɗora ta a filas a gwada ta ba tare da an taɓa komai a rumbun kwamfuta ba, kuma a nan ne ya kamata a tabbatar wayafai da sauti da kyamara da firinta duk suna aiki.

Wanda aikinsa bai wuce rubutu, bincike, imel, Zoom, WhatsApp na burauza, Signal, da lissafi da R ko Python ba, zai iya komawa Linux bai rasa komai ba. LibreOffice na buɗe fayilolin Word da Excel, ko da yake takarda mai sarƙaƙƙen tsari kan ɗan karkace. Wanda abincinsa ke kan CorelDRAW, ko Photoshop, ko AutoCAD, labarinsa daban ne, domin babu ɗayansu da ke da sigar Linux a yanzu, kuma madadinsu irin Inkscape da GIMP sai an sake koyo. Mai shagon buga katin biki da kalandar 'yan takara gara ya tara kuɗin kwamfutar zubi na takwas. Gwamnatoci ma sun ɗanɗana ɓangarorin biyu. Birnin Munich na Jamus ya mayar da kwamfutoci kusan 15,000 kan Linux, sannan majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. A 2024 kuma jihar Schleswig-Holstein ta ƙasar ta yanke shawarar mayar da kwamfutoci 30,000 kan LibreOffice da Linux, da hujjar kada bayanan gwamnati su dogara ga kamfanin wata ƙasa.

ChromeOS Flex ta Google ma kyauta ce kuma marar nauyi, amma kusan komai a burauza take yin sa, ba ta ɗaukar manhajojin Android, kuma inda data ke da tsada ko sabis ke yankewa amfaninta ragagge ne. Tsohuwar kwamfutar da ake buƙata don manhaja ɗaya tak kuwa za ta iya zama a kan Windows 10 idan an raba ta da intanet kuma ana lura da filas ɗin da ake soka mata.

Ranar da za a yi aikin

Kafin komai a kwashe fayiloli zuwa rumbu na waje, a buɗe wasu daga cikinsu a can a tabbatar sun kwafu. A rubuta kalmomin sirrin da burauza ta saba tunawa. Idan wajen mai gyara za a kai, a cire bayanan da suka shafi wasu mutane tukuna, kuma mai kwamfutar ya buɗe asusun Microsoft da hannunsa, da imel da lambar wayarsa.

Fayil ɗin Windows 11 ya haura gigabait 5, na Linux Mint kusan gigabait 3 ne, kuma filas mai gigabait 8 ya isa kowannensu. Daga shafin masu manhajar kaɗai ake saukewa. Ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗorawa na iya barin kwamfuta ta ƙi tashi, don haka laftof mai mataccen batiri ko kwamfutar tebur marar UPS sai a nemi inda wuta ke tsaye. Wanda ya hau Windows 11 ta Windows Update yana da kwana goma da zai iya komawa Windows 10 daga Settings idan firinta ko wata manhaja ta ƙi aiki. Bayan nan Windows kan goge tsohon kwafin. Masu rubutu da Hausa za su samu madannan ƙ da ɗ da ɓ a ɓangarorin biyu: a Windows ana ƙara Hausa a saitin harshe, a Linux kuma ana zaɓen Hausa ta Najeriya a saitin madannai.